Aron Likkafanin Gwaggo

Mutanen gidanmu suna cewa ina da riƙo, ni kuwa ban taɓa musa musu ba. In aka taka ni bisa kuskure nakan share in wuce. Amma in aka taka wadda na ɗauka uwa, aka kuma bi ni da murmushi, to ko shekara nawa za a yi ina nan ina jira. Abin da zan faɗa ya faru ne tsakanina da wani malamin jami'a mai tonon kayan tarihi, kuma har yau da nake rubuta shi ban ji nadama ta zo mini ba.

Gwaggo yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni a Kankia tun ina 'yar shekara huɗu, bayan rasuwar mahaifiyata. Allah bai ba ta haihuwa ba, ni ce 'yar, ni ce jikar. Ko da aka kai ni aure Kusada na kama koyarwa a firamare, ba na haɗa mako biyu ban hau mota na je na gan ta ba. Sana'arta kaɗi, kuma a unguwarmu ita kaɗai ta rage tana yi, kowa ya koma yadin kasuwa. Kullum da hantsi tana gindin darbejiyar tsakar gida, taskirar auduga a gefenta, ɗan alli kusa da ƙafarta, mazari yana juyi a cikin 'yar tasa. Ita ke gurzar audugarta, ita ke shiɓarta. In na ce ta huta haka nan, sai ta ce hutu na nan zuwa, mai tsawo ma kuwa.

A ƙarƙashin gadonta akwai wata tukunya mai murfi, an ɗaure bakinta da tsumma. Kowa a gidan ya san abin da ke ciki, amma ba mai zancensa. Likkafaninta ne. Shekara da shekaru ta yi tana ware zaren da ya fi kyau daga audugar gonar kakanmu ta Kunduru, har ya taru, ta kai wa wani tsohon masaƙi a Sukuntuni ya saƙa mata shi ƙwarya-ƙwarya, irin siririyar saƙar nan da ake haɗawa ta zama zane. Ni na zauna na haɗa mata shi da allura a wani hutun makaranta. Masaƙin ya daɗe da rasuwa, masaƙarsa ma an hura wuta da ita. Sau ɗaya a shekara takan fito da farin ta kakkaɓe, ta sauya ganyen darbejiyar da take sawa saboda ƙwari, ta mayar. Ta sha gaya mini cewa ita ba ta tara komai a duniya ba, abu ɗaya take roƙo, a rufe ta cikin abin da hannunta ya kaɗa.

Wata shekara bayan girbi masu tonon tarihi suka sauka a wani kufai can gefen Kunduru. Suka ja igiyoyi, suka duƙufa suna kankarar ƙasa da 'yan cokula irin na magina da burushi, mutanen ƙauye sun yi cirko-cirko suna kallon masu digiri suna wasan ƙasa. Sun tono fasassun tukwane, da gululu, ɗan dunƙulen yumɓun nan da ake sa wa mazari don ya yi nauyi, da wata munduwar tagulla wadda wani ɗan ƙyalle ya manne a jikinta, bai fi faɗin farce ba. Wannan ɗan ƙyallen shi ya hana su sukuni, wai ya daɗe ƙwarai a ƙasa. Sai suka shiga cigiyar mai kaɗin hannu da ta rage a yankin, don su gwada zaren da da na yanzu.

Ina da wani yaya, ɗan wan mahaifina, ma'aikacin ofis, irin mutanen nan da in baƙo mai mota ya shigo gari sai sun san yadda suka yi suka zauna a gidan gaba. Shi ya kawo su gidanmu. Dama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar kuwa ina gida, na zo hutun ƙarshen mako.

Shugabansu kowa Dakta yake ce masa. Bahaushe ne ɗan birni, mai tabarau, mai taushin murya, ya iya durƙusa wa tsofaffi. Ba zan ɓoye ba, ranar farko ya burge ni. Ya tuɓe takalmi, ya zauna a tabarma, yana kiran Gwaggo Iya. Ya kafa kyamara a kan ƙafafu uku ya ɗauke ta tana kaɗi. Ya tambaye ta wa ya koya mata, ta ce uwarta. Ya ce ita fa wa ya koya mata, ta ce ita ma tata uwar. Ya rubuta a littafinsa. Sannan ya tsinki ɗan zare ya sa a ƙarƙashin wani ƙaramin gilashi, ya daɗe yana leƙe, ya ɗago kansa fuskarsa cike da murna. Ya tambaya ko akwai wani zane da aka saƙa da zarenta zalla. Gwaggo ta ce babu, duk sun ƙare. Nan Yaya ya buɗe bakin nan nasa da ba ya rufuwa, ya ce ai akwai na cikin tukunya.

Gwaggo ta sunkuyar da kai. Ni na zabga wa Yaya harara, amma magana ta riga ta fita. Dakta ya shiga lallashi. Ya ce kwana uku kacal, a jami'arsu akwai na'ura mai ɗaukar hoton kowane silin zare ta ajiye a kwamfuta, kuma ba ta ɗaukuwa, da ya kawo ta har gida. Ya rantse, ya rubuta takarda ya sa hannu ya miƙo. Gwaggo kuwa cutarta ɗaya ce, ba ta iya ce wa baƙo a'a yana zaune a tabarmarta.

"Ɗan nan, ka san ko mi ne ne wannan da kake biɗa?"

"Na sani, Iya."

"To ba ni da wani. Kuma mai kiran ba shi aiko ɗan saƙo."

Ya ce in Allah ya yarda ranar Talata yana hannunta. Ni na shiga ɗaki na jawo tukunyar, ni na kwance tsumman, ni na naɗe farin na miƙa masa. Wannan ba na ɗora wa kowa, kuma yana daga cikin abin da ya sa fushina ya ƙi sanyi.

Talata ta zo ta wuce. Na buga waya, ya ce na'urar ta sami matsala, ana jiran mai gyara. Bayan mako biyu ya ce an gyara, wuta ce babu. Daga nan aka shiga yajin aiki. Daga nan ya ce sun ɗauki rabi, saura rabi. Kullum da gaisuwa mai daɗi, kullum a gaishe da Iya. In na kama Yaya da maganar sai ya ce ni matsalata gaggawa, manyan mutane ba a matsa musu. Haka rani ya ƙare, bazara ta wuce, damina ta faɗi.

Cikin daminar ƙafafun Gwaggo suka fara kumbura, numfashi ya soma yi mata wuya. Ta ajiye mazari. Ba ta damuna da tambaya, sai dai in na shigo ɗakin idonta ya sauka a hannuna, in ta ga babu komai ta mayar da shi kan rufin ɗaki. Wannan kallon ya fi mini zagi ciwo.

Na nemi izini a makaranta na hau mota na tafi jami'ar da takardar nan a jakata. Na tarar da ofishinsa a kulle, aka ce ya tafi taro ƙasar waje. Aka nuna mini ɗakin ajiyarsu, wani ɗaki mai sanyi, mai kula da shi wani dattijo ne mai kirki. Ya duba littafi, ya kai ni gaban wani kabad mai ƙofar gilashi, ya nuna mini wani faffaɗan kwali da lamba a jikinsa. Ya ce ga shi nan, amma duk abin da aka ba lamba ya shiga kabad, ba ya fita sai da sa hannun Dakta, in ya ba ni a bakin aikinsa. Na nuna masa takardar, ya karanta ya girgiza kai. Tsakanina da likkafanin Gwaggo bai fi kamu biyu ba. Na zauna a ƙasa a wurin na yi kukan da ban yi ba tun ina yarinya, dattijon ya kawo mini ruwa a kofi. Na tura wa Dakta saƙo, ya maido da amsa cewa in ƙara haƙuri, mako biyu ya dawo.

Da na koma Kankia na ga yadda jikinta ya yi, sai na yi abin da nake jin kunyarsa har gobe. Na shiga kasuwa na sayi farin yadi, na wanke shi don ya yi laushi, na naɗe na sa a tukunya, na ce mata an kawo. Ta ce in miƙo mata. Idonta ya riga ya yi rauni, amma tana ɗora yatsunta a kai ta ɗan murza bakin yadin, ta saki.

"Wannan na inji ne, ɗiyata. Maida shi, Allah shi yi maki albarka."

Ba ta ƙara tada maganar ba. Bayan kwana tara, wata ranar Alhamis ana kiran la'asar, ta cika. Ina cikin matan da suka yi mata wanka, kuma cikin wannan yadin na kasuwa muka naɗe ta. Malamai sun gaya mini likkafani likkafani ne, ba ya ƙara wa mamaci komai, ba ya rage masa. Na yarda da su. Amma ita abu ɗaya ta roƙa a duniya, kuma yana kulle a kabad a wani gari lokacin da aka fita da ita.

Sai da aka yi arba'in da mako guda sannan Dakta ya zo, Yaya na biye da shi ɗauke da kwalin. Ya yi ta'aziyya, har da ƙwalla, ba kuma zan ce ta ƙarya ce ba. Ya buɗe kwalin, ga farin an shimfiɗa shi cikin wata farar takarda mai laushi, an ɗaura masa lamba da zare, kuma a gefensa an yanke wurare biyar, kowanne kamar faɗin kan yatsa, wai don awo. Sannan ya buɗe kwamfutarsa ya nuna mini hoton. An kumbura zaren har kowane sili ya yi kaurin igiyar guga. Ya ce in kwantar da hankalina, aikin Iya ya tsira, yanzu ko shekara dubu za a yi wannan zane ba zai ruɓe ba.

"Dakta, ai don ya ruɓe aka yi shi. Tare da ita."

Ya gyara tabarau, ya ce haka ne, Allah ya jiƙanta. Sai kuma ya ci gaba, domin abin da ke cinsa daban ne. Ya ce duk zaren hannu na ƙasar Hausa da ya taɓa aunawa murɗinsa gefe ɗaya yake bi. Ƙyallen da suka tono a jikin munduwa kuwa ɗaya gefen ya bi, kuma zaren Gwaggo ma haka. Ga shi ta gaya masa da bakinta daga uwarta ta koya, ita ma daga tata uwar. Don haka ya gano cewa akwai wani tsohon salon kaɗi da hagu da mutanen kufan nan suka bari, yana bin gidanmu daga uwa zuwa 'ya, kuma Gwaggo ce ta ƙarshe. Ya rubuta littafi a kai, za a yi taron gabatar da shi a nan Kankia bayan babbar salla, manyan malamai za su zo daga jami'o'i.

Ni kuwa na san abin da bai sani ba. Gwaggo ba bahaguwa ba ce, kuma ba wanda ya koya mata kaɗi da hagu. Tana amarya, tana suyar ƙuli-ƙuli, kaskon man gyaɗa ya kife mata a hannun dama, babban yatsa da manuni suka ƙandare, ba sa iya murza mazari. Ita ta koya wa kanta da hagu, ta mayar da auduga hannun dama. Mazarin da aka murza da hagu kuwa baya yake juyawa, zaren ma ya bi shi. Tana jin kunyar hannun ƙwarai, kullum yana cikin mayafi, in tana kaɗi kuwa audugar da ta riƙe takan rufe shi ruf. Dakta ya auna zare da gilashi da na'ura, ya kai shi har ƙasar waje, amma bai taɓa ce wa tsohuwar ta gaya masa dalilin hagun ba.

Maganar ta zo har bakina. Da na faɗa masa a lokacin, da ya koma ya gyara littafinsa cikin rufin asiri, ba wanda zai ji. Na dubi ramukan nan biyar a jikin farin, na haɗiye ta. Na ce Allah ya ba da sa'a, na dama masa fura da hannuna, na roƙe shi kada ya manta da ni in za a raba katin gayyata. Ya ce ai ni ce babbar baƙuwa.

Gwaggo tana da ƙanwa uwa ɗaya uba ɗaya, tana aure a Bauranya, muna ce mata Gwaggo Ƙarama. Dakta ya ji labarinta tun farko, amma aka ce masa hanyar ba ta da kyau kuma ta daɗe da barin kaɗi, sai ya ce wadda ya gani ta wadatar. Na hau babur na je na same ta tana ɓarar gyaɗa, na kwashe komai na gaya mata, na ce ina so ta zo taron da mazarinta. Ta ture gyaɗar gefe.

"Abin da Yaya ta ɓoye tun tana amarya, shi za ki tone gaban maza?"

Na ce shi. Ta ce marigayiyar da tana da rai ba za ta yarda ba, ita mai yafiya ce. Na ce na sani, yafiyar ce ta kai ta kabari cikin yadin inji. Ta kalle ni ta ce tun ina ƙarama ta san zuciyata ba irin ta gidansu ba ce. Sannan ta tashi ta shiga ɗaki, na ji tana birkita kwalla da samira, ta fito da wani mazari da ya yi baƙi don tsufa. Maigidana ma ya yi mini nasiha, ya ce in bar wa Allah. Na ce na bar masa nasa, wannan nawa ne. Wata uku na yi ina kai wa Gwaggo Ƙarama auduga tana maido da hannunta.

An yi taron a babban ɗakin wata makaranta. Manyan gari da baƙin jami'o'i a gaba, mu mata a baya, Yaya yana ta kai da kawo cikin babbar riga kamar shi ya rubuta littafin. Aka rufe tagogi aka kunna majigi, sai ga Gwaggo a jikin bango, tana zaune gindin darbejiya, mazari na juyi, muryarta tana fita tana cewa uwarta ce ta koya mata. Wallahi a lokacin na kusa fasawa, na ce a raina ko ba komai mutumin nan ya ajiye mini muryarta. Sai ya sauya hoto, ga farin ya cika bango, a ƙasa an rubuta lambarsa, an rubuta farin zane saƙar hannu daga Kankia. Ya yi bayani mai tsawo a kan murɗin zare da kufai da munduwa. Bai ce likkafani ba ne, bai ce aro ya yi ba, bai ce an rufe mai shi babu shi ba. Nan zuciyata ta koma inda take.

Da aka ba da damar tambaya na bari manya suka gama yabo, sannan na miƙe. Na yi sallama, na ce ni ce 'yar da tsohuwar nan ta riƙa, kuma ga ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta koyi kaɗi a tabarma ɗaya da ita, ina roƙon a ba ta wuri ta nuna wa baƙi kaɗin gidanmu. Dakta ya yi fara'a, ya ce ai wannan ƙarin haske ne, har ya sa aka juyo da kyamara. Na riƙo hannun Gwaggo Ƙarama muka ratsa tsakiyar maza. Ta ƙi kujera, ta zauna a ƙasa, ta shafa alli, ta ɗauki auduga a hagu, ta murza mazari da dama. Ta kaɗa kamar kamu uku ta tsinke ta miƙa.

Wani dattijon farfesa daga cikin baƙin ya karɓa, ya ari gilashin Dakta ya duba. Ya ɗago ya ce wannan ai murɗin kowa da kowa ne. Ya tambayi Gwaggo Ƙarama da wane hannu mahaifiyarsu take kaɗi.

"Da dama mana, kamar kowa. Kakarmu ma na ishe ta, da dama take yi. Yaya kau man gyaɗa ya toye mata hannu tana amarya, shi ya sa ta koma hagu. Duk Kankia wa bai san wannan ba cikin tsohhi?"

Na roƙi a mayar da majigin baya, na nuna musu inda za a tsayar, wurin da audugar ta ƙare Gwaggo ta miƙa hannu taskira. Ga yatsun nan biyu a ƙandare, fatar ta yi fari, sun cika bango, a cikin hoton da shi da kansa ya ɗauka. Daga bayan ɗakin wata tsohuwa ta fara dariya, sauran mata suka kama, har wasu mazan suna rufe baki da hula. Farfesan bai yi dariya ba. Ya juya ya tambayi Dakta a hankali, mata nawa ya auna zarensu a wannan gidan kafin ya rubuta littafi. Dakta ya sunkuya ya hau jujjuya takardunsa.

Ban zauna ba. Na jira dariyar ta lafa, sannan na gaya musu ko mene ne wannan farin da suka gani a bango. Na faɗi shekarun da ta yi tana tara zarensa, da alkawarin ranar Talata, da kabad mai gilashi, da yadin da muka naɗe ta a ciki. Na fito da takardar da ya sa wa hannu na ajiye a kan teburin manya. Limamin unguwarmu ya yi salati a hankali, ya tashi ya ɗauki takalmansa ya fita, wasu dattawa suka bi bayansa. Kwalayen littafin suna jibge a bakin ƙofa, ba wanda ya kwance su.

An ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi, kuma ni na ɗanɗana, daɗi gare ta. Ranar na ci tuwo na ƙoshi, rabona da haka tun rasuwar. Abu ɗaya ya tsaya mini, a mota muna komawa Gwaggo Ƙarama ta ce, ba tare da ta dube ni ba, yanzu duk garin ya ga hannun yayarta. Na san na tona abin da Gwaggo ta rufa, kuma in muka haɗu gobe ƙiyama zan nemi gafararta a kan wannan. Yaya ya yi shekara ba ya amsa gaisuwata, ban kuwa rame ba.

Farin ya zauna a ɗakina a Kusada, na rasa yadda zan yi da shi. Na cire lambar, na toshe ramukan biyar da ragowar zaren da na samu a taskirar Gwaggo. Na yi tunanin ajiye wa kaina, sai na ga ban cancanta ba, ni da na miƙa shi da hannuna. Ana nan sai wata tsohuwar Bafulatana da ta shekara ashirin tana kawo mana nono ta faɗi a bakin kasuwa ranar cin kasuwa, aka shigo da ita gidanmu don nan ta fi sabawa, kafin azahar rai ya yi halinsa. 'Ya'yanta sun yi nisa da shanu, waya ba ta shiga, kuma ba a jira da gawa. Maza suna shawarar wanda zai je ya yanko yadi, na ce su dakata. Na shiga na ɗauko, muka yi mata sutura da shi, ya ishe ta har da saura kaɗan da muka yi ɗauri da shi. Matar da ta taya ni wankan ta shafa shi ta ce rabonta da ganin irin wannan saƙa tun tana budurwa.

Bayan wata biyu da wannan sai ga wayar Dakta. Muryarsa ta sauya, ba taushin nan na da. Ya ce ya yi kuskure, kuma ya karɓa, an dakatar da littafin, abokan aikinsa sun sa shi gaba. Ya ce amma akwai abin da zai iya tsamowa daga aikin in ya sake auna zanen kansa, domin hotunan kwamfuta ba sa nuna nauyin zare da irin audugar, kuma guntayen da ya yanka sun ƙare a wurin gwaji. Yana roƙona don Allah in ba shi aro, wannan karon a gabana zai auna, ba zai fita da shi daga Kusada ba. Ya ce in ba haka ba aikinsa na shekaru ya tafi a banza.

Na bar shi ya gama tsaf. Na ce ba komai, yana nan Kusada, kuma zan yi masa kwatance.

"In ka shigo gari ka bi hanyar maƙabarta, ka shiga ta ƙofar gabas. Akwai wata aduwa a hannunka na dama, kabari na uku daga gindinta. Yana nan a ƙasa, ya fara aikin da aka yi shi dominsa. Tono dai sana'arka ce, Dakta."

Ina jin numfashinsa a cikin wayar. Ban kashe ba, na riƙe ta a kunnena har sai da shi ya kashe.